Sunan da ke Baitin Ƙarshe

Tana fitowa daga ɗakin da ta yi sallar La'asar, tun kafin ta gama gyara mayafinta, Mubarika ta hango jakarta a buɗe a kan kujera. An zazzage hoda da katin jirgin ƙasa da maganin ciwon kai. A kan teburin tsakiyar falo kuwa ga takardar nan, an ɓare ledar da ta naɗe ta a ciki, an shimfiɗe ta kowa na kallo.



Baffa Gado na zaune ya sa tabarau, wanda ba ya ɗauko shi sai magana ta yi nauyi. Shi ne ƙanin mahaifin Ɗalhatu mai neman aurenta, shekara goma sha tara yana tuƙa wani Balarabe a nan Doha, kuma shi ne uban duk wani ɗan gidansu da ya sauka ƙasar. A yau ɗin ne Mubarika ta zo gidansa a Mu'aither gaisuwa ta ƙarshe kafin ya kira kawunta a Kumasi a tsayar da ranar aure. Ɗalhatu na tsaye jikin taga ya sunkuyar da kai. Talatu, ƙanwar matar Baffa, ta rakuɓe a bakin ƙofar kicin tana wasa da zoben hannunta.

"Ni fa caja nake nema, Yaya," in ji Talatu. "Sai na ga abu a ɗaure..."

Wai caja. A jakar baƙuwa, a can cikin aljihun da ke da zif. Kowa a gidan ya san Talatu ta fi shekara tana wanke wa Ɗalhatu kwano kafin ya gama cin abinci, amma a ranar babu wanda ya tuna.

Baffa ya ce Mubarika ta zauna. Ta durƙusa a kan kafet.

"'Yata, na yi allo, na sauke," ya ce a hankali. "Baƙaƙen nan namu ne, amma a kwance suke, ba wasali, ba bisimilla. Na kasa karanta ko layi ɗaya. Abu biyu kaɗai na gane."

Ya juya bayan takardar, ya ɗora yatsa.

"Ɗalhatu. Mubarika. An haɗa su wuri ɗaya, an zagaye su da zane."

"Waƙa ce, Baffa."

"Waƙa a leda? Wane malami ya rubuta miki?"

Ta dubi Ɗalhatu ko zai ce wani abu, shi kuwa ya zuba wa labule ido kamar yau ya fara ganinsa.

Baffa bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce maganar kiran Kumasi ta dakata. Akwai wani tela ɗan Pakistan a Mansura, Badaruddeen, mutanen ƙasarsu ne ke rubutu a kwance haka. Juma'a mai zuwa zai gayyato shi ya karanta a gaban kowa. In kafin nan ta faɗi sunan malamin, to maganar za ta zo da sauƙi.

Sunan Badaruddeen ba baƙo ba ne a kunnen Mubarika. Ta san shagon. Ta kuma san wanda ke kai ɗinkinsa can duk wata ya zauna ya sha shayi, wato shugaban wurin aikinsu.

* * *

Asalin abin, tarbiyyar mahaifiyarta Mma ce ta jawo mata.

Tun suna yara a Zangon Kumasi, Mma ta koya musu cewa takarda mai baƙin Larabci ba ta kwana a ƙasa. A ɗauke ta, a kakkaɓe, a soke ta a saman katanga ko a ƙona. Da Mubarika ta zo Doha aikin shara da goge-goge, wannan tarbiyya ta wahalar da ita ba kaɗan ba, don a nan har takardar naɗe shawarma da Larabci take. Sannu a hankali ta saba da na ɗab'i. Amma rubutun hannu har gobe ba ta iya tsallake shi.

Wata huɗu da suka wuce, a hawa na ashirin da uku na dogon benen da kamfaninsu ke sharewa, ta ga wata takarda a dunƙule a kwandon sharar ɗakin ajiyar kayan aiki. Rubutun hannu ne mai kyau, layi-layi. Ta ciro ta, ta goge ta da gefen mayafi, ranta a ɓace, tana tambayar wane marar tsoron Allah ne ya jefa aya cikin ƙazanta. Ta zargi kowa a hawan, ban da mace ɗaya.

Macen kuwa ita ce ta kama hannunta ta turo ƙofa.

Sarla ke nan, mai kula da ɗakin ajiyar, 'yar Indiya da ta haura hamsin, mai jan ɗigo a goshi da ciwon gwiwa. 'Yan matan wurin Didi suke ce mata, wato yaya. Da guntun Turanci da Larabcin kasuwa suka fahimci juna. Ta ce wannan ba Alƙur'ani ba ne, Urdu ne, yaren garinsu, kuma ita ta rubuta.

Mubarika ta dubi jan ɗigon, ta dubi takardar.

"Amma Didi, ke ba Musulma ba ce."

Sarla ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta ce babanta ma ba Musulmi ba ne, amma shekara talatin yana zaune a ƙofar kotu yana rubuta wa talakawa takardar ƙara da wannan rubutu, a cinyarsa ta koya.

"A gida ana ce mini me ya haɗa ki da yaren Musulmi. A nan ma ga ki kina tambayata. Ƙanwata, yaren nan ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa ɗakin bautarmu. Da shi uwata ta yi mini faɗa, da shi na yi kukan mutuwarta."

Kunya ta kama Mubarika, amma son jin abin da ke ciki ya fi kunyar ƙarfi. Sarla ta leƙa waje, sannan ta karanta ƙasa-ƙasa, muryarta na hawa da sauka, tana fassarawa baiti-baiti.

Waƙar a kan mudir ɗinsu ce, wato shugaban wurin aikin. Mutumin da ya sa aka kwashe kujerun ma'aikata daga kowane hawa, ya kafa dokar ba zama sai an tashi aiki. Sarla ta ce a ciki: kun hana ƙafafuna hutawa, to harshena ma ya fasa hutu. Ta ce: gilashin da nake gogewa ya fi ni daraja a wurinku, amma kowace safiya fuskata yake fara gani kafin taku. Ta kira shi ƙaramin sarkin da ƙasarsa ba ta wuce faɗin tsumman goge ƙasa ba.

Mubarika ta toshe baki tana dariya, idonta kuma ya cika da ƙwalla. Shekara biyu ƙafafunta na kumbura ba ta taɓa jin wanda ya faɗi abin haka ba.

Sai Sarla ta nuna mata layin ƙarshe. Ta ce al'adar irin wannan waƙa ce, mai ita dole ya saka sunansa a baitin ƙarshe, ya kira kansa kamar yana yi wa wani magana. Waƙar da ba ta da wannan ba ta cika ba. Shi ya sa ta jefar, don mudir Urdu ne yarensa, kuma kowa ya tuna yarinyar nan 'yar Nepal da ta yi ƙorafi a kan kujerun, mako bai zagayo ba aka sa ta a jirgi. Ita kuwa Sarla saura shekara biyu 'yarta ta gama karatun jinya.

Mubarika ta roƙa a bar mata takardar. Ta yi alkawari babu mai iya karatun da zai taɓa ganinta. Sarla ta yarda. Don ma ta saki ranta, ta tambaye ta sunan saurayin nan da ke sa ta murmushi a waya, ta rubuta shi a baya tare da na Mubarika, ta zana musu fure a kewaye.

Furen nan shi ne Baffa Gado ya gani ya ce hatimi ne.

* * *

Ranar Talata da yamma Ɗalhatu ya aiko mata ta fito wurin mai shayin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mansura. A nan suka fara haɗuwa wata takwas baya. Tana ta zazzaga wa ƙaninta faɗa a waya da Hausarta ta Zango, sai ta ji wani dogo cikin kayan masu gadin filin jirgin Hamad ya ce daga bayanta, a yi haƙuri a bar shi haka, ya ji. Tun daga ranar bai bar ta ta sayi shayi da kanta ba.

Yau ma ya saya, amma kofin nasa ya huce a hannunsa.

Ya faɗa, ya yi zuru-zuru. Da ta gan shi haka sai fushin kwana huɗun ya fara narkewa, ta ce masa gaskiya gwargwadon da za ta iya. Waƙa ce ta ƙorafi a kan wani babba. Mace ce ta rubuta, kuma in aka karanta a gaban Badaruddeen, maganar za ta isa kunnen da zai raba matar da aikinta. Ba malama ba ce. Ba ma Musulma ba ce.

Ɗalhatu ya ɗago.

"Wadda ba Musulma ba, ta yi rubutu da baƙaƙen Alƙur'ani?"

"Ni ma haka na ce da farko."

"Mubarikata... ki faɗa mini sunanta kawai. Ni kaɗai."

"Kai kaɗai, sai Baffa ya tsare ka da ido. Na san ka, masoyi. Ba ka iya yi masa shiru."

Bai musa ba. Ya jujjuya kofin, ya jujjuya, sannan ya fito da abin da ke cinsa. Ya ce tun da ya haɗu da ita abinci ba ya shiga masa sosai. Yana tsaye a bakin aiki, dubban mutane na wucewa, fuskarta yake gani. Ranar da bai ji muryarta ba har zazzaɓi yake ji. Talatu ta ce wa Baffa haka mallaka take kama mutum.

Da a wata rana ya faɗi wannan, da Mubarika ta kwana tana murmushi.

"To ni da na rame har siket ɗina na zamewa, wa ya yi mini?"

Ya kasa dariya.

"Ki rantse mini," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Don hankalina ya kwanta."

Abin ya soke ta fiye da duk abin da aka yi mata a falon Baffa. Can baƙi ne suka zarge ta. Nan kuwa mutumin da ta riga ta zaɓar wa labulen ɗaki ne.

"Wallahi ba asiri ba ne," ta ce. "Ka ji, na rantse. Yanzu sai ka je ka ci abinci."

Ta ajiye kofin ta tafi, yana kira ba ta waiwaya ba.

Kamar yadda ta faɗa, washegari maganar ta isa gun Baffa, kuma ta ƙara lalacewa. Baffa ya ce biyu ne babu uku. Ko yarinyar ƙarya take yi, don bai taɓa jin wanda ba ya salla ya riƙe alƙalami ya yi rubutun Musulmi ba, ko kuwa gaskiya take yi, wanda ya fi muni, wato har wurin bokayen Indiya ta kai sunan ɗansa. Talatu ta ce ita dai addu'a take ta yi.

* * *

Ranar Laraba Mubarika ta shiga ɗakin ajiya ta rufo ƙofa, ta gaya wa Sarla komai. Ba ta ga hakkinta ba ne ta ɓoye, tun da wuyan Sarla ne a kan layi.

Sarla ta saurara tana ninke tsummoki. Da aka zo sunan Badaruddeen sai hannunta ya tsaya. Ta jingina da kantar sabulu.

"Ki ce ni ce," ta ce daga baya. "Ki kai ni gidan, in rubuta a gabansu. Aurenki ne."

Bakinta ne ya faɗa. Tsumman kuwa ya suɓuce mata ya faɗi, kuma da ta sunkuya za ta ɗauka sai gwiwar ta ƙi, Mubarika ce ta ɗauko mata. A jikin murfin wayar Sarla akwai hoton 'yarta cikin fararen kayan ɗalibai.

"Didi, ke kin jefar da ita. Ni na ciro."

"To me za ki yi?"

"Zan karɓo takardata."

Ba ta faɗi da me za ta karɓo ta ba. Ranar Alhamis da ta taso aiki ta ciro akwati daga ƙarƙashin gadonta, a ɗakin da su shida suke kwana. Ta fito da atamfa biyu da ba ta kai ɗinki ba, da turaren da take tattali, da zoben azurfar da Ɗalhatu ya sa mata a bakin teku. Duk kyautarsa ce, ta jera su a jaka. Ta yi kuka sosai, ba na ɓoye ba, har 'yan ɗakin suka kewaye ta suna tambaya ko rasuwa aka yi a gida. Ta ce a'a, kowa lafiya.

* * *

Juma'a bayan an sauko masallaci ta isa Mu'aither, rana kamar ta fasa kai. Ta so ta riga telan zuwa, sai ta tarar da takalminsa a bakin ƙofa.

Badaruddeen gajere ne mai furfura, da tef ɗin awo har yanzu a wuyansa. An ajiye masa shayi da dabino. Talatu ta ci kwalliya kamar ranar suna. Ɗalhatu na zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baffa, da ya ga Mubarika da jaka sai ya miƙe zaune sosai.

Ta gaishe da kowa. Ta durƙusa gaban Baffa, ta tura jakar gabansa.

"Baffa, ga kayan ɗanka, ba abin da ya taɓu. Ka ba ni takardata ba tare da an karanta ba, ni kuma na bar muku shi. In asiri ne kamar yadda ake faɗa, ka ga ya karye ke nan."



"Kun gani ko?" Talatu ta ce. "Mai gaskiya ba ta tsoron a karanta."

Baffa ya dubi jakar, ya dubi yarinyar. Ba mugu ba ne, tsoho ne da aka ba amanar ɗan ɗan'uwansa a ƙasar da ba tasu ba, kuma a ganinsa maganar Talatu ta hau. Ya ce sai an karanta, kowa ya huta. Ya ciro takardar ya miƙa wa Badaruddeen. Telan ya buɗe, ya matso da ita kusa da ido, leɓɓansa suka fara motsi.

Mubarika ta runtse ido. Ta ba da auren, kuma ga shi bai sayi komai ba.

Sai ta ji motsi. Da ta buɗe ido, Ɗalhatu ne a tsaye, ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar ya rufe rubutun. Yaron da tun yana ɗan shekara bakwai bai taɓa tsayawa a kan Baffa yana zaune ba.

"Ka gafarce ni, Baffa. Ba za a karanta ba."

"Ɗalhatu, zauna."

"Mai asiri riƙe mutum take yi, Baffa, ba ta sakinsa. Wannan ta kawo kayana da hannunta don kada wata baiwar Allah ta rasa abincinta. Na sa ta rantsuwa ranar Talata, ban sake samun natsuwa ba. In ka ce ba za ka kira Kumasi ba, ba zan yi maka gardama ba, zan jira har ka huce. Amma takardar nan tata ce."

Bai ɗaga hannun daga kan takardar ba.

Baffa ya cire tabarau. Kafin ya yi magana sai Badaruddeen ya saki takardar da kansa, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya yi magana da Larabcinsu na direbobi da teloli, wanda kowa a falon ke ji.

Ya ce baiti biyu ya karanta, kuma sun ishe shi. Wannan ba addu'a ba ce, ba tsafi ba ce, waƙa ce, irin mai zafin nan da mutanensu ke yi wa azzalumi. Wanda ya rubuta ta ƙafafunsa na ciwo, kuma alƙalaminsa ya fi almakashi kaifi.

"Alhaji, kada ka sake ba ni," ya ce. "A wurinmu mai waƙa yana sa sunansa a baitin ƙarshe. In na kai can zan sani, ni kuwa tela ne, bakina ba ya riƙe magana. Khalas, shi ke nan, ban gani ba."

Baffa ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, wanda ba Musulmi ba zai iya wannan rubutu?

Telan ya yi murmushi. Ya ce malamin da ya kama hannunsa ya koya masa baƙin farko a makarantar garinsu Bahindu ne, kuma har ya mutu babu limamin da ya kai shi iya waƙa. Da Baffa ya nuna masa zanen da ke baya, sai ya leƙa ya ce wannan ai fure ne, 'yan mata na yi a bayan littafi.

Baffa ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. Sannan ya juya wajen ƙofar kicin.

"Talatu, kin sami cajar?"

Ta shige ciki, ba a sake jin ɗuriyarta ba ranar.

Dattijo irin Baffa ba ya cewa yarinya ta yi haƙuri. Ya tura jakar da ƙafarsa a hankali zuwa gabanta, ya ce ta ɗauke kayanta daga hanya kada wani ya yi tuntuɓe. Sannan ya tambayi Ɗalhatu ƙarfe nawa ne yanzu a Kumasi.

Mubarika ta karɓi takardarta, ta yi godiya, ta fita. Jakar kuwa a nan ta bar ta.

Ɗalhatu ya biyo ta da ita a guje, ya cim mata a inuwar wata katanga kusa da inda ake jiran bas.

"Sanyin idona, tsaya..."

"Ka sa ni rantsuwa."

"Na sa ki."

"A gaban mai shayi."

"A gabansa. Ki kai ni can in ba ki haƙuri a gabansa, in kin so har da masu jiran layi."

Ta juya masa baya don kada ya ga bakinta ya fara motsi. Ta ce bas ɗinta na zuwa. Ya ce zai riƙe jakar har Mansura, in ta ga dama ta karɓa a can, in ba ta ga dama ba gobe ma zai kawo. Bas ya zo, suka shiga, ita a wurin mata shi a baya rungume da jaka. Sai da suka sauka ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba, ta ce ya ba ta zoben kawai, sauran ya ci gaba da ɗauka.

* * *

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Kumasi, ango da amarya kowa na bakin aikinsa a Doha, ta waya suka ji fatiha. Juma'ar da ta biyo aka yi walima a farfajiyar gidan Baffa. 'Yan Zango suka zo da wake da shinkafa, matar Baffa ta yi tuwo da miyar kuka, abokan aikin Mubarika kuwa suka cika tabarma guda, 'yan Kenya da 'yan Nepal da 'yan Indiya su goma sha ɗaya. Sarla na cikinsu, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana kallon lallen amarya.

A duk tsawon wata biyun nan Ɗalhatu bai sake tambayar sunan mai waƙar ba, ko sau ɗaya.

Ana cikin rabon abinci Mubarika ta hango shi ya fito daga kicin cikin babbar rigarsa, ɗauke da faranti da hannu biyu. Ya wuce abokansa, ya wuce Baffa, ya nufi tabarmar mata. Farantin shinkafa ce da wake da ganye, ba nama, ba romo, a tukunya daban ya sa aka dafa, don Sarla ba ta cin nama. Ya tsaya gaban Sarla, ya durƙusa har ƙasa irin durƙuson da ake yi wa surukai, ya ajiye mata.

Sarla ta dube shi, ta waiwayo ta dubi Mubarika da tambaya a idonta. Mubarika ta girgiza kai, ita ba ta faɗa ba.

"Didi, a ci abinci," ya ce.

Ya tashi ya koma wajen maza bai ƙara ko kalma ba. Mubarika ta ja mayafi ta rufe fuska, ƙawayenta suna ta tsokanarta wai amarya ta fara kukan barin gida.